Zarton Mace Guda

Ku 'yan makaranta da kuke zuwa gidan nan na Panyu a ƙasar Sin ranar Juma'a cin tuwo, na sha jin ku kuna tsokanar mai gidan, kuna ce mata Daktar ƙuda. Wani ɗan Maraɗi a cikinku, mai karatun injiniya, har cewa ya yi da ya san ana ba da digiri a kan kamun ƙwaro da bai wahalar da kansa da lissafi ba. Ban yi fushi ba. Na dai sa ɗayarku ta zauna ta rubuta abin da zan faɗa, tunda ni ban iya ba. Shekarun da na yi a sana'ar nan sun fi shekarun kowannenku a duniya.

Da farko dai ba ƙuda ba ne. Ƙuda fiffike biyu gare shi, wannan huɗu. Dangin zuma ne da rina da zanzaro, sai dai shi ba shi da ƙugu, jikinsa a haɗe yake daga ƙirji har ƙasa kamar ɗan buhu. Ba ya harbi. Inda zuma take ɗauke da abin harbinta, macen wannan ɗan zarto gare ta, da shi take tsaga ganye ta zuba ƙwai a ciki. Shi ya sa a gidan nan muke ce musu masu zarto.

Aikin da na fara yi fara ce. Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, yana aiki a ɗakin ƙwari na wani wurin binciken noma kusa da Zariya, ni kuwa ɗinkin hula nake a gida. Wata damina aiki ya yi masa yawa, ya dawo da kwali cike da fari da allurai. Ya ce, "Ke da kike bin zare ɗaya-ɗaya a hula, gwada wannan mu gani." Na ɗauki fara na soke ta a tsakiyar baya. Ya girgiza kai. Ya ce a ɗan kauce dama ake sokewa, domin a bar gefe guda lafiya ga wanda zai zo dubawa ko bayan mun mutu. Na ce wa zai nemi fara bayan mun mutu? Ya ce akwai a ɗakinsu waɗanda aka soke tun kafin a haife shi, kuma har yau ana buɗe su. Kafin damina ta fita na iya shanya fiffiken malam-buɗe-littafi ba tare da na goge masa kwalliya ba, aka ɗauke ni aiki a ɗakin.

Kayan aikin ba su da yawa. Allura baƙa siririya mara kafa, wata kamar gashi. Hantsaki mai bakin tsinke. Allon shanya fiffike, wanda Malam ya sassaƙa da tukurwa saboda cikinta yana karɓar allura ba gardama. Akwati mai murfin gilashi, da kafur a kusurwa. Sai 'yar takardar da ake soke wa kowane ƙwaro a ƙarƙashinsa, mai ɗauke da garin da aka kama shi da bishiyar da yake kai. Ni ban taɓa karanta ko ɗaya ba, amma ban taɓa raba ƙwaro da takardarsa ba, don Malam ya ce ƙwaron da ba shi da takarda mushe ne kawai.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai ɗalibai masu son a gyara musu akwatin jarrabawa ana gobe za a karɓa. Akwai manoma. Wani tsoho ya taɓa zuwa daga wajen Giwa da gidan ashana, ya ajiye a tebur ya ce, "Ga ɓarawon waken nan." Aka buɗe, ashe ya murtsuke tsutsar da ɗan yatsa tun a gona. Malam ya ce, "Baba, ka kawo mana ɓarawo amma ka fasa masa fuska, yaya za mu gane ɗan gidan wa ne?" Tsohon ya ce shi ba zumunci ya zo nema ba, magani yake so. Malam ya zaunar da shi ya nuna masa tsutsa biyu masu kama ɗaya, ya ce maganin wannan ba ya taɓa waccan. Washegari ya dawo da su da rai a cikin hularsa.

Aikin ciki shi ne na ƙarshe da Malam ya koya mini. Wasu ƙwarin ba a gane su daga waje, sai an ciro abin da ke cikin wutsiyarsu an shimfiɗa a ɗan gilashi an duba a madubin ƙara girma. A nan na fara ganin zarto, a jikin wasu masu cin kabeji da aka kawo daga wajen Jos. Na koya wa mutane da yawa wannan aikin bayan haka. Wasunsu yanzu manyan malamai ne, idan sun zo gaisuwa har ƙasa suke durƙusawa. Mutum ɗaya ce ban koya wa ba, ita ce wannan da kuke kira Daktar ƙuda.

'Yar farina ce. Ke mai rubutu kin san sunanta, ni ba zan faɗa ba. Yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta zama hira da shi a gaban mutane. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, sai da ta isa makaranta babanta ya dawo da ita. Shi ne yake tafiya da ita daji da raga, shi ya sa mata son abin. Ni nakan dafa, in ajiye, in ce ga abinci can. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma haka uwata ta yi wa yayanmu.

Malam ya rasu ita tana nan tana karatu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ba na ɓoye muku, har yau idan na buɗe akwati warin kafur ya buge ni sai hawaye, don warin rigarsa ke nan tun ranar da aka kai ni gidansa. Kun sha ganina ina share ido a kan aiki kuna tsammanin maganin ne ya shiga mini. Ba maganin ba ne, Malam ne. Da na fita takaba ta aiko mini da takardun zama irin na iyayen ɗalibai. Na sauka a filin jirgin Baiyun da jaka ɗaya da hantsakin Malam a naɗe cikin ɗankwali.

Malamarta wata dattijuwa ce 'yar ƙasar nan, a wata jami'a a unguwar Tianhe. Lawshi suke ce mata, wato malama. Ranar da aka kai ni gaishe ta na ga wani ɗalibi yana shanya fiffike ya karkace, hannuna ya kasa haƙuri na gyara. Lawshi ta dube ni ta dubi fiffiken, ta yi dariya, ta jawo mini kujera. Ba na jin yarenta in ban da nihaw da shiye-shiye, wato sannu da na gode, ita ma ba ta jin nawa, amma mun sha zama tebur ɗaya daga hantsi har azahar. Ita ta ba mu aron tsohon madubin ƙara girman da kuke gani a ɗakin can. Ba albashi nake karɓa ba, wannan na baro shi a gida. Aikin ne ba ya barin mutum.

Masu zarton da yarinyar take bincike a kansu ba na garin nan ba ne. Na can arewa ne mai nisa, inda ƙanƙara take rufe ƙasa, suna cin ganyen wata bishiya mai farin ɓawo. Ƙanana ne, ba su fi ƙwayar shinkafa da yawa ba. In an jera goma sai ku rantse uwa ɗaya ta haife su, alhali iri biyar ne. Ana fara duba 'yan ƙahonnin kai, gaɓa nawa gare su. A duba jijiyoyin fiffike, ina suka haɗu, ina suka rabu. A duba farcen ƙafa, tsagagge ne ko kuwa. Duk wannan gidansu kawai zai nuna. Sunan kansa yana jikin zarto: wani haƙoransa kamar mataji, wani kamar tsaunuka a jere, wani a lafe kamar bakin tsoho. Wani zai ce ai yanzu akwai na'ura, a yanki ƙafa ta faɗi ko wane ne. An gwada. A kan waɗannan na'urar cewa take duk 'yan gida ɗaya ne, ta tsaya nan. Ni dai aikina in fito da zarton lafiya in kwantar da shi. Karanta shi da sa masa suna, wannan na yarinyar ne da Lawshi, kuma ilimi ne da ba ni da shi.

Yadda ake fito da shi: a kwantar da macen a cikin danshi har ta yi laushi. A cire ƙarshen wutsiya, a jiƙa a wani ruwa mai kaifi irin ruwan tokar da ake sabulu da shi, har naman ya narke. Sai a ɗauko allura biyu masu kamar gashi, waɗanda muke dasawa a bakin tsinken cin abincin mutanen nan, a raba ɓangarorin zarton biyu daga kubensu. Abin bai kai gashin ido tsawo ba. In aka ja da ƙarfi ya tsinke. In aka yi sanyi ya naɗe. In mutum ya yi numfashi a kansa ya tashi, kuma ba mai sake ganinsa. Yarinyar ta gwada a farkon zuwanta ta karya da yawa, saboda haka da na zo sai kawai ta riƙa ajiye mini akwati a tebur da safe, in ta dawo ta tarar da gilasai a jere. Ba ta ce koya mini ba, ban ce zo ki gani ba.

Abin da karatunta duka ya rataya a kansa wata tsutsa ce. Tsutsar masu zarto tana kama da ta malam-buɗe-littafi, sai dai ta fi ta yawan ƙafafu, kuma in an taɓa reshe sai dukansu su ɗaga wutsiya sama lokaci ɗaya. Ta samo wata mai ɗigon baƙi a gefe wadda ba wanda ya san me take zama in ta girma. Hanya ɗaya ce: a rene ta har ta fito da fiffike, a samu mace, a duba zarto. Namiji ba ya wadatarwa, don mutanen da suka zana waɗannan tun da can mata suka zana. Tsutsar in ta ƙoshi ƙasa take shiga ta saƙa wa kanta ƙwanso, kuma ba ta fitowa sai sanyi ya ratsa ta ya wuce. Garin nan kuwa ba shi da irin wannan sanyin. Sai aka raba ƙwanson biyu, rabi a makaranta, rabi a firij ɗinmu.

A nan Hajiya Balaraba ta shigo maganar. Kun san ta, 'yar Kano mai sarin mayafai da takalma, wadda take sauka a wurinmu in ta zo. Sa'ata ce. Wata rana ta buɗe firij neman daddawa, ta ɗauko roba ta buɗe, ta ga ƙasa da wasu abubuwa kamar ƙwallon dabino ƙanana.

Ta ce, "Ramatu, ku a gidan nan har ƙasa kuke sanyayawa?"

Na ce, "Rufe, Hajiya, baƙi ne suke barci."

Ta ce, "Baƙi a kusa da man shanuna? Wallahi in na ci wani abu ya yi motsi a cikina ke za ki kai ni asibiti."

Shekarar da ta biyo ita ce mummunar shekara. Da sanyi ya fita muka ciro robobin don su ji ɗumi su farka. Sai ga wani yanayi da ban taɓa gani ba: bango yana gumi, madubi yana gumi, tayil kamar an yi wanki. Mu mutanen ƙasar fari in abu ya jiƙe taga muke buɗewa iska ta busar. Na buɗe duka. Ashe a nan iskar ce take kawo ruwan. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta hango, ta shigo tana faɗa da yarenta tana rufe mini tagogi ɗaya bayan ɗaya. A gida abokan gabana gara ce da tururuwa, na san su sun san ni. Fumfuna ban san ta haka ba. Ta hau ƙwanson fari fat kamar auduga. Na makaranta ma ba su tsira ba, Lawshi ta ce shekarar ce haka. Cikin waɗanda suka rage, wasu suka buɗe sai ga wani siririn zanzaro ya fito, ashe uwarsa ta riga ta yi ƙwai a cikin tsutsar tun a daji, shi muka yi ta reno. Wasu suka fito, amma duk maza ne. 'Yan kaɗan suka ƙi motsi. Lawshi ta ɗaga su a haske, ta ce da ransu, irin waɗannan wani lokaci sai sun ga sanyi biyu. Yarinyar ta koma arewa da damina ba ta samu tsutsar ko ɗaya ba. Muka mayar da 'yan kaɗan ɗin firij.

Lokacin karatunta kuwa shekarar da ke tafe zai ƙare, takardun zamanmu ma haka. In mace ba ta fito ba, za mu koma gida da tsutsa mara suna, ita kuma ba digiri.

Da sanyi na biyu ya wuce muka rufe tagogi, muka kunna na'urar tsotse danshi. Wata safiya bayan na idar da salla na leƙa robar, na ga an yanke kan ƙwanso ɗaya kamar murfin tulu. Ga mai zarton nan a jikin audugar da muka sa a robar tana goge fuska da ƙafa. Na juya ta a hankali, na ga kuben zarto. Na je ƙofar ɗakin yarinyar na ce, "Baƙuwa ta tashi." Ta fito ba ko ɗankwali. Muka ba ta ruwan suga har jikinta ya yi ƙwari, sannan aka sa ta a ƙanƙara ta yi barcin da ba a tashi. Sauran ƙwanson ba wanda ya ƙara buɗewa. Ita kaɗai ce.

Yarinyar ta ajiye mini akwatin a tebur kamar kullum. Na zauna, na ɗauki tsinke, na sa ido a madubi. Bakin allurar yana rawa kamar wutsiyar ƙadangare.

Hannuna ya soma wannan tun rasuwar Malam, kaɗan-kaɗan. A kan manyan ƙwari ba ya hana ni komai, a kan zarto ma ina lallaɓawa in akwai na biyu da na uku. A wannan sanyin ya ƙaru. Na tabbata ta lura, don kofin shayi yana ƙara a hannuna, amma ba irin maganar da muke yi ba ce. Lawshi kuma tana can dajin arewa da ɗalibai, ba za ta dawo ba sai bayan ranar miƙa aiki. Na ajiye tsinken, na tura akwatin gabanta.

Ta ce, "Inna, ni karyawa nake yi."

Na ce, "Na sani."

Akwai wani akwati na gama-gari da Lawshi take ba masu koyo, a karya ba asara. Da shi muka fara. Hajiya Balaraba tana gari, na roƙe ta ta zauna da mu. Yarinyar a gaban madubi, ni a bayanta can gefe, Hajiya a tsakiya tana cin gyaɗa.

Na ce, "Hajiya, gaya mata ta sauke gwiwar hannunta."

Hajiya ta ce, "Wai ki sauke gwiwar hannu."

Na ce, "Gaya mata ba a jan sa kamar ana figar kaza."

"Wai ba kaza ba ce."

Zarto ya tsinke. Aka ɗauko wata. Yarinyar ta ce, "Hajiya, tambaye ta, ta gindi zan shiga ko ta baki?"

Hajiya ta kakkaɓe zaninta ta miƙe. Ta ce, "Yau na ga ikon Allah. Na yi tafinta tsakanin Bahaushe da ɗan Sin, lawban mai kanti yana meyo, wato babu, ina meyo har mu daidaita. Amma Hausa zuwa Hausa, uwa da 'ya, a tebur ɗaya? Ramatu, kunyar nan ita ma biza kika yi mata? Wa zai gan ki a nan, surukarki da ke kabari a Giwa? Ni kayana suna jirana a Baiyun." Ta ɗauki jaka ta fita, ta bar mu da ɓawon gyaɗa.

Yarinyar ta sake gwadawa, ya sake tsinkewa. Ni ba na ganin abin da ke cikin madubin, hannunta nake kallo, kuma daga hannun na ga inda matsalar take. A sama take riƙe da shi kamar mai rubutu a allo. Wannan ba ya gyaruwa da baki. Na jawo kujerata har gwiwata ta taɓa tata. Na kama wuyan hannunta na kwantar da gefensa a tebur, na lanƙwasa ɗan ƙaramin yatsan ya zama ginshiƙi, na matsar da tsinken kusa da baki, yadda Malam ya yi wa nawa. Tun da aka yaye ta ban riƙe hannun nan ba. Yatsun babanta ne, har da faɗin farce. Hawaye ya zo mini na bar shi ya zuba, na ci gaba da magana.

Na ce, "Ta gindi za ki shiga. Kada ki ja. Allurar hagu ta danne kuben, ta dama ta bi tsakani kamar kina raba zare biyu da suka manne. Sai kin fitar da numfashi sannan ki motsa. In ya ƙi, mayar da shi ruwa, ba kya rigima da shi."

Ta ce, "To, Inna," ba ta ɗago ba.

Ranar ta karya wasu, washegari ma haka. Sannan ta fara fitar da su da ɗan rauni a baki, sannan lafiya. Na bar ta ta yi ta yi har sai da na ga kafaɗarta ta sauka, ta daina cije leɓe. Sai wata safiya da hantsi, haske ya shigo sosai, na kashe fanka, na ɗauko akwatin macen na ajiye mata.

Ta yi bisimilla. Ta cire wutsiyar ta jiƙa. Muka zauna muna jira, muna jin masu sayar da kayan miya a ƙasa. Da ya yi laushi ta ɗora a gilashi ta sa ido. Na ga hannun hagu ya danne, na dama ya shiga. Ya tsaya. Na ga babban yatsanta ya yi fari, alamar tana son ja.

Na ce, "Ruwa."

Ta mayar da shi ruwa. Ta goge tafinta a zani. Da ta sake ɗaukowa na ji ta fitar da numfashi a hankali, hannun ya tafi kamar ba ya tafiya, ya dawo, ya sake tafiya. Ta ɗiga ƙaro, ta saukar da murfin gilashin ta gefe guda don kada iska ta shiga. Sannan ta janye kujera ta ce, "Inna, duba."

Na duba. Ga su biyu kwance gefe da gefe, daga gindi har baki, ba haƙori ɗaya da ya fita. Na miƙe na shiga kicin na ɗora ruwan tuwo.

Ta ɗauki hoto ta tura wa Lawshi, ta baje littattafanta tana gwadawa. Ba sabon iri ba ne. Wani ya taɓa zana macen tun da daɗewa a wata ƙasa mai sanyi, amma ba wanda ya san tsutsarta, ba wanda ya san tana cin wannan bishiyar, ba kuma wanda ya san tana ƙasar nan. Lawshi ta kira daga daji, ina jin muryarta tana dariya tana cewa haw, haw, wato da kyau. Wannan ya isa, da shi aka ba ta digirin da kuke tsokana, da shi aka riƙe ta aiki. Yanzu ita take fitar da zarto, har tana koya wa 'yan ƙasar. Ni na koma wanke robobi da tankaɗe ƙasa da leƙa masu barci, kuma aikin yana yi mini daɗi.

Da ta gama wayar ta zo ta tsaya a ƙofar kicin. Ina tuƙi, na ba ta baya.

Ta ce, "Inna, da Baba yana nan me zai ce?"

Na ce, "Shi na farkon da aka ba shi mai muhimmanci karya shi ya yi. Ni na share gilashin."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ni ma na kasa ganin tukunyar. Ta karɓi muciyar daga hannuna, ita ma ba gani take ba. Tuwon ranar ya yi gudaji, muka zauna a kwano ɗaya muka ci haka nan.